Dolgan: mutanen da barewa ke ja musu gida

Ku kwatanta a ranku wani ɗan ɗaki da ke sulɓi a kan ƙanƙara. Sunansa balok. Katako ne aka harhaɗa, aka lulluɓe da fatun barewa (babbar barewar ƙasashen sanyi da ake kiwo, wadda Turawa ke kira reindeer), aka ɗora shi a kan dogayen itatuwa biyu masu sulɓi a maimakon taya. A ciki akwai murhun ƙarfe, da shimfiɗa, da 'yar taga. In ciyawa ta ƙare, ba sai an kwance komai ba. A ɗaura wa barewa igiya kawai, gida ya kama hanya, uwa da jariri suna ciki cikin ɗumi.

Masu wannan gida su ne Dolgan. Suna zaune a yankin Taimir, can ƙuryar arewacin Rasha, inda rana kan yi makonni ba ta fito ba a lokacin hunturu. Ƙidayar 2010 ta same su 7,885.

Ba tsohuwar ƙabila ba ce, kuma wannan ne ya fi burge ni. Tsakanin ƙarni na 18 da na 19, dangogin Ebenki masu kiwon barewa, da mutanen ƙabilar Yakut, da wasu Rashawa da suka daɗe a dajin, suka yi ta cuɗanya da auratayya har suka zama jama'a guda. Sunan Dolgan daga wani dangin Ebenki ya fito. Harshensu kuwa ɗan'uwan na Yakut ne, daga zuriyar harsunan Turkawa. Shi kansa balok ɗin daga Rashawa aka aro shi. Sun karɓi Kiristanci, amma ba su saki girmama iskokin wuta da ruwa ba.

Abinci? Naman barewar daji da kifi. Akan ɗauko daskararren kifi, a fere shi siriri-siriri da wuƙa, a barbaɗa gishiri, a ci ɗanye kafin ya narke.

Gwamnatin Sobiyet ta tattara garkunansu a gonakin haɗin gwiwa daga shekarun 1930, aka kai yara makarantun kwana, harshen ya fara ja da baya. Littafin farko da Dolganci sai a 1973 ya fito. Yau yawancinsu suna ƙauyuka a gefen kogin Hatanga da garin Dudinka, amma a gabashin Taimir har yanzu akwai iyalan da ke bin garke da balok ɗinsu.