Ramuka a jikin farfelar jirgin ruwa: na gishiri ne, na zubi ne, ko na kumfa?

Jama'a, assalamu alaikum. Daga Fort Lauderdale a jihar Florida ta Amurka nake magana, kuma abin da kuke gani a kan tebur farfeloli ne guda uku na injin jirgin ruwa, duka na sitenles, wato farin ƙarfen nan mai jure tsatsa, duka da ramuka a jikinsu. Ramukan sun yi kama da juna, amma abin da ya haifar da kowanne daban. Wanda bai rabe su ba zai yi ta biyan kuɗin walda, ramin yana dawowa.

Bari in fara da ƙarfen. Abin da ke kare sitenles daga tsatsa shi ne kuromiyam, wani ƙarfe da ake haɗawa a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Idan ya haɗu da oksijin sai ya yi wani siririn lulluɓi a fuskar ƙarfen, wanda ido ba ya gani. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma sinadarin kulorayid da ke cikin gishirin yana huda lulluɓin nan. Matuƙar ruwa yana gudana, oksijin na isa wurin, lulluɓin ya warke da kansa. Inda iska ba ta shiga, nan ɓarna take.

Ku dubi ta farko, aikin gishiri ce. Bakin ramin ƙarami ne kamar tsinin allura, amma na sa tsinke ya shige, domin cikin ya fi bakin faɗi. Duk wurin da kuka ga rami, ƙananan halittun teku masu ɓawo ne suka maƙale a kai lokacin da jirgin ya daɗe a ɗaure cikin ruwa mai ɗumi. Haka yake faruwa a ƙarƙashin zaren kamun kifi da ya naɗe a shaf, wato sandar da ke juya farfelar, da bayan washar da ake sa wa noti. Ko sitenles mai lamba 316, wanda aka ƙara wa ƙarfen molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari don ya fi jure gishiri, ba ya tsira idan ruwan gishiri ya kwanta a kansa.

Ta biyu ita ce ta fi damuna, don mai ita bai yi laifin komai ba. Yawancin farfelolin nan zuba su ake yi: a yi siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu mai jure wuta, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Idan iska ta maƙale, sai a sami rami zagayayye mai santsi a ciki. Idan ƙarfe ya tsuke yana hucewa ba a ciyar da shi da ƙari ba, ramin yakan fito da kaushi, a gindin reshe, wato fiffiken farfelar, inda ƙarfen ya fi kauri. Wanda ya taɓa sayen tukunyar zubi ta fara tsatsafo tun tana sabuwa ya san irin wannan aibi. Gogewar da ake yi don ta yi sheƙi ce take buɗe bakin ramin, gishiri ya samu wurin zama. In kun ga haka a sabuwar farfela, ku ɗauki hoto ku mayar wa dillali kafin kowa ya taɓa ta da giranda, don garanti ba ya bin abin da aka riga aka goga.

Ta uku aikin kumfa ce. Kaifin reshen ya bugi wani abu ya ɗan lotsa, ruwa yana yin kumfar tururi a bayan lotsawar, kumfar tana fashewa a kan ƙarfe. Shi ya sa wurin ya yi kaushi a gungu ɗaya, a fuskar da ke kallon jirgi. A gyara kaifin tukuna.

Don a tabbatar babu tsaga, ana wanke ta tas, a fesa jan ruwan gwaji, a jira minti 10 zuwa 30, a share, a fesa farin ruwan da ke jawo jan ya fito fili. Ɗigon ja rami ne, jan layi kuwa tsaga ce. Tsaga a gindin reshe ba na ba da shawarar a yi mata walda. Reshe ya cire jirgi yana gudu ba ƙaramin haɗari ba ne. Rami kuma a haƙe shi har a kai lafiyayyen ƙarfe, a cike da waldar TIG, wato waldar lantarki da ake yi da iskar agon, da waya irin ƙarfen, a goge, a wanke da ruwan asid na sitirik don lulluɓin ya dawo, sannan a auna karkatar rassan da daidaiton nauyi. Don Allah kada a sa burushin baƙin ƙarfe. Burbushinsa yana nutsewa ya jawo tsatsa.

Idan ramuka suka bazu cikin 'yan kwanaki, ku nemi mai lantarki, wata waya ce ke yoyon wuta cikin ruwa. Ku duba dunƙulen zinkin da ke jikin injin ma, wanda ake sawa don ya ci a madadin sauran ƙarafan, domin farfelar sitenles tana sa alminiyom ɗin kwandon giyar injin ya ci da sauri. Da zinkin ya cinye rabi a canza shi, kada a shafa masa fenti, kuma in an ɗaure jirgi a ɗaga injin daga ruwa a ɗauraye farfelar da ruwan famfo.