Abin da ke ƙarƙashin ciyawar: lacca kan mayar da tsofaffin masana'antu gidaje da wuraren shaƙatawa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Na baya, ina fata kuna ji na.

Duk mun san irin hoton da masu gine-gine ke kafawa a bakin masana'antar da ta mutu: dogayen benaye suna sheƙi, ciyawa kore shar, yara na tuƙa keke. Ni kuwa in aka kai ni irin wannan fili, ba sama nake fara kallo ba. Ƙasar da na taka nake dubawa.

Ƙasar da aka shekara hamsin ana narka ƙarfe ko haɗa sinadarai a kanta ba ta mantuwa. Dalma, kwalta, baƙin man inji da ya tsiyaye, duk suna nan kwance. Ku tuna unguwar Love Canal a jihar New York ta Amurka. Kamfanin Hooker ya binne sharar sinadarai kimanin tan 21,000 a wurin, sannan a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. A 1978 sai ga shi ana kwashe iyalai, guba ta kutso musu har cikin ɗakunan ƙasa. Arahar da ba ta yi ado ba ke nan. Wannan masifa ce ta haifar da dokar Superfund, wato dokar Amurka ta tsaftace filayen da guba ta gurɓata, a 1980.

Shi ya sa yau kafin a aza tubali sai an haƙa ramuka, an ɗebi ƙasa an kai ɗakin gwaji. In ta gurɓace, ko a kwashe ta, ko a rufe ta da wata mai tsafta, ko a wanke ta. E, wanki, kar ku yi dariya. Haka aka yi a Stratford kafin gasar Olamfik ta Landan a 2012, injuna suka riƙa wanke ƙasa da ruwa suna tace ta.

To, wa zai biya? A nan gizo ke saƙar. Mai gini yakan ce tsaftace filin ya cinye masa kuɗi, don haka a bar shi ya ƙara hawa, a kuma rage masa yawan gidajen masu ƙaramin ƙarfi da hukuma ta ce ya gina. Tashar lantarki ta Battersea da ke Landan ta daina aiki a 1983, ba a sake buɗe ginin ba sai 2022, bayan an mayar da shi gidaje da shaguna. Gidaje masu rahusa 636 aka yi alkawari, a 2017 aka zaftare su zuwa 386. A ganina, hukumar da ba ta ɗaure wannan alkawari tamau tun farko ba, ita ta ba da ƙofa.

Ba kuma dole ba ne a rushe komai. A Duisburg ta Jamus, masana'antar ƙarfe ta tsaya a 1985, sai mai tsara lambuna Peter Latz ya bar murhunan narka ƙarfen a tsaye. Tankin gas aka cika shi da ruwa, masu nutso na koyo a ciki. Bangon rumbunan ma'adinai kuwa matasa ke hawa da igiya.

Na ga hannu a can gefe. Malam, bismillah, a miƙa masa makirufo.