Me ya sa man suyar da ka haɗa ya zama sabulu maimakon dizal?

[Hoto: kwalabe biyu a kan tebur]

Kwalabe biyu ne a gabanku. Dukkansu da man suya aka fara su, rana ɗaya, hannu ɗaya, sinadari iri ɗaya. Ta dama ta rabu gida biyu: sama ruwan zinare garau, ƙasa wani abu mai duhu ya kwanta abinsa. Ta hagu kuwa, bari in kifa ta ku gani. Ko motsi. Wannan ba ya shiga tanki, sabulu ne.

Tun da bidiyon nan ya karaɗe wayoyi, na mutumin da ya tace tsohon man suya ya ɗura wa janareta ta tashi, saƙonni iri biyu ke shigo mana. Wasu na tambaya, ashe dama tacewa kawai ake yi? Wasu kuma sun wuce nan, sun nemo metanol, wani nau'in barasa mai guba, da kostik soda don su haɗa bayodizal, sun bi ma'aunin da suka gani a intanet daki-daki, sai suka ƙare da irin kwalbar hagu. Saboda kashi na biyun muka yi wannan bidiyo. Amma bari mu sallami na farko tukuna.

In janaretarka mai shan fetur ce, maganar nan gaba ɗaya ba ta shafe ka ba, kada ma ka gwada. Injin dizal kuwa, gaskiya ne zai tashi da man girki. Ba sabon abu ba ne: a baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Matsalar kauri ce.

[Hoto: ana tsiyayar dizal da man girki daga cokula biyu]

Dubi yadda wannan ke zuba, dubi yadda wancan ke jan ƙafa. Man girki ya ninka dizal kauri wajen sau goma. Injekta an yi ta ne ta fesa mai kamar hazo. In ka ba ta mai kauri sai ta riƙa tofa shi gudaji-gudaji, ba ya ƙonewa duka, baƙin dauɗa ya taru a bakinta da zoben fistan. Injin zai yi mako, zai yi wata, mai bidiyo ya samu masu kallonsa. Ranar da za a kira bakanike ba a ɗaukar hoto.

To bayodizal shi ne man da aka cire wa wannan kaurin ta hanyar sinadari. Tun 1937 wani masani a Jami'ar Brussels, Chavanne, ya yi rajistar hanyar da manja. Ga yadda abin yake a taƙaice.

[Zane: kai ɗaya mai jela uku]

Kowace ƙwayar man girki kai ɗaya ce mai jela uku. Kan shi ne gilisarin, jelolin su ne abin da ke ci da wuta. Uku a ɗaure wuri ɗaya, dole su yi nauyin tafiya. Aikin metanol shi ne ya cire kowace jela daga jikin kan, ya maƙale mata, ta zama ita kaɗai, sakayau. Jelolin da aka saki su ne ruwan zinaren can na sama. Kawunan da aka bari su nutse ƙasa, su ne mai duhun. A lissafi, kilo 100 na mai da kilo 10 na metanol suna ba da kusan kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. A aikace ana zuba metanol fiye da haka, wajen mililita 200 a kowace lita, don a tura cinikin ya kai ƙarshe.

Na ce ciniki, domin akwai dillali. Mai da metanol ba sa ga-maciji, in ka bar su su kaɗai za su kwana suna kallon juna. Soda ce dillaliyar da ke haɗa su. Ma'aunin da ke yawo a ko'ina shi ne giram 3.5 na soda a kowace litar mai, a narkar da ita cikin metanol, a ɗumama man zuwa digiri 55, a juya na awa ɗaya. Kada zafin ya kai 65, nan metanol ke tafasa ya tsere.

Wannan ma'aunin daidai ne. Amma na sabon mai ne, wanda bai taɓa ganin wuta ba. Shi ne abin da ba a faɗa muku ba, kuma a nan za mu zauna.

[Hoto: mai yana tafasa a kasko, ana jefa abu mai danshi]

Kun ji wannan ƙarar? Ruwa ne ke haɗuwa da mai mai zafi. Duk lokacin da aka yi haka, wasu jelolin suna tsinkewa daga jikin kan tun a kasko. Su zama 'yan gudun hijira, suna yawo cikin man, kuma masu tsami ne, wato asid. Ido ba ya ganin su. Matacin da ya fi kowane laushi ba ya kama su. Man da aka soya abu da shi sau biyu yana da kaɗan, wanda aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana da su jingim.

Yanzu ka zuba dillaliyarka. Kafin ta kai ga cinikin da aka kira ta dominsa, waɗannan tsinkakkun jelolin sun tare ta a hanya. Asid ɗin mai da soda in suka haɗu, duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa sabulu ya san sakamakon. Asara biyu ke nan a lokaci ɗaya: sodar ta ƙare ba ta yi aikinta ba, sabulun da ya fito kuma ya riƙe mai da gilisarin ya hana su rabuwa.

Sai mutum ya ce, to in ninka sodar mana. Ni ma haka na ce a gwajina na farko, kuma kwalbar hagun can jikar wannan tunanin ce. Soda in ta yi yawa, rarar takan juya kan lafiyayyen man ta mai da shi sabulu. Ta yi kaɗan, ka samu rabin dizal rabin man suya. Ta yi yawa, ka samu abin da cokali ke tsayawa a ciki. An gudu gara an faɗa zago. Hanya ɗaya ce: ka tambayi man da kansa nawa yake buƙata.

[Hoto kusa-kusa: sirinji biyu, ƙaramin kofi, sikeli]

Ku kalli hannun nan da kyau, ba zan yi sauri ba.

Giram ɗaya na soda, cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa, wato ruwan distil, ba wanda aka tace da mataci ba. Ɗaya cikin ɗaya. Wannan ruwan gwaji ne, ajiye shi gefe.

A kofi, mililita 10 na isofurofil, barasar nan ta goge rauni, amma mai ƙarfin, wadda ba a sirka ta da ruwa ba. Sai mililita ɗaya cak na manka. Juya har ya narke. Ɗiga fenolftalin, digo biyu. Sunan da wuya, aikinsa da sauƙi: ba shi da launi cikin tsami, yana komawa ruwan hoda da zarar tsamin ya ƙare. Wanda bai samu ba, garin kurkum na yin wannan aikin, daga rawaya ya koma ja.

Yanzu ɗauki ruwan gwajin a sirinji, kana ɗigawa kana juyawa. Ga hoda ta fito, ta ɓace. Bai yi ba. Ci gaba. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Asid ne ke cinye sodar a gaban idonka. Ci gaba. Yauwa. Ta tsaya. Ƙirga daƙiƙa goma zuwa ashirin, tana nan.

Duba sirinji. Namu ya sha mililita 3. Kowace mililita a nan tana nufin ƙarin giram ɗaya na soda a kowace litar mai. Uku a tara da 3.5, giram 6.5 ke nan. Wannan man, da mun bi ma'aunin intanet, da mun ba shi kusan rabin abin da yake nema.

A maimaita gwajin sau uku a ɗauki tsakiya. Kuma kowace jarka da nata gwajin, ko da daga wuri ɗaya aka karɓo su, domin man jiya ba shi ne na yau ba. Minti biyar ne. Ni a ganina duk bidiyon da ya koya maka haɗa bayodizal bai nuna maka sirinji ba, nishaɗi ya ba ka.

Abu biyu na rataye da wannan. Na farko ruwa. Ko digo nawa ne a cikin man, yana tsinka ƙarin jeloli ana tsakiyar haɗi, wato yana ƙera maka sabon asid bayan ka gama aunawa. Don haka a dafa man ya ɗan wuce digiri 100 har ya daina tartsatsi, a bar shi ya huce. Sodar ma tana shan danshin iska, a auna ta da hanzari a rufe. Na biyu, in sirinji ya kai biyar ya wuce, kada ka yi ta ƙara soda, sabulun zai cinye ribar. Irin wannan man sai an fara bi da shi ta metanol da ɗan asid na salfa, wanda ke mai da tsinkakkun jelolin su ma su zama dizal, sannan a zo zagaye na biyu da soda. Wannan aikin masana'anta ne ko ɗakin gwaji.

[Hotuna da sauri]

Saura gudu. Bayan an haɗa an juya, a bar haɗin ya kwana. A zare gilisarin ta ƙasa. A wanke da ruwan ɗumi a hankali, sau uku ko huɗu, har ruwan ya fito garau. A busar. A gwada: mililita 3 na bayodizal cikin 27 na metanol, a girgiza, in ya narke tas, haɗi ya kammala, in wani ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, da saura.

Ku lura da safar hannu da tabarau a duk hotunan nan, ba ado ba ne. Metanol na shiga ta fata da numfashi, yana makantarwa, yana kisa, harshen wutarsa kuma da rana da ƙyar ake ganinsa. Haɗe da soda yana cin nama. A fili ake yi, nesa da wuta da yara, kuma ba a cikin tukunyar alminiyam ba, soda na cin ta.

[Taswira]

Me ya haɗa sirinjin nan da ƙarancin makamashi a ƙasa guda? Mafi yawan kuɗin bayodizal kuɗin man ne da kansa. Indonesiya na da manja kamar ƙasa, shi ya sa ta iya tilasta gauraya kashi 30 cikin 100 a dizal ɗinta a 2020, ta kai 35 a 2023. Brazil ta ƙaddamar da shirinta a 2004 da burin ƙananan manoman zurma su amfana, amma waken soya na manyan gonaki ne ya mamaye kasuwar. Ƙasar da ke shigo da man girki daga waje ba ta da wannan gatan. In ta ƙona sabon mai a inji, daga bakin mutane ta ɗauko shi. Abin da ya rage mata mai arha shi ne tsohon man suya, kitsen mahauta, da man 'ya'yan itacen da ba a ci. Kuma duk waɗannan, kusan ba togiya, su ne masu yawan asid. Arhar da tsamin tare suke zuwa.

Bini-da-zugu ma haka. Indiya ta ɗora masa buri tun 2003, ana cewa zai yi a ƙasar da ba ta noma. Yana rayuwa a can, gaskiya, amma rayuwa daban, 'ya'ya daban: ba ruwa ba taki, abin da ya bayar bai taka kara ya karya ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Inda aka samu 'ya'yan ma, in sun daɗe a ajiye cikin danshi, man na fitowa da tsamin da sai an yi masa zagaye biyu. Ga metanol, wanda akasari daga iskar gas ake yin sa, ƙasashe da yawa sayo shi suke.

Don haka ni ban yarda tsohon man suya zai haska ƙasa ba, bai kai yawan ba. Amma zai iya juya famfon rijiyar burtsatse, injin niƙa, ko janaretar ƙaramin asibiti, in an tara shi wuri ɗaya a hannun wanda ya iya aunawa. Ya kuma fitar da baƙin man nan daga kasko, wanda dama bai kamata a ci gaba da ci ba.

[Hoto: ana zuba ruwan zinaren a tanki, inji ya tashi]

Mun fara da kashi 20 cikin 100 na bayodizal, sauran dizal. Za ku ga injin yana ɗan fi shan mai, ƙarfin bayodizal a lita ya gaza na dizal da wajen kashi 8 zuwa 10. Bayodizal yana kuma wanke tsohon dattin tanki, saboda haka a tanadi filta ta canji a makonnin farko, a duba tiyon roba in injin tsoho ne, yana sa shi laushi.

Kwalbar hagu kuwa, wani a nan ya tambaya ko zai tafi da ita gida tun da sabulu ce. Akwai metanol da ɗanyar soda a ciki. Mun hana shi.