Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane ne Zakarun Gasar Wimbledon?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan birnin Shehu. Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga wasan tanis, musamman gasar Wimbledon da ake yi a Landan kan filin ciyawa tun 1877. Ba abin mamaki ba ne, domin tana faɗowa ne daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, lokacin da ƙwallon ƙafar Turai ke hutu, masu gidajen kallo kuma suna murɗo duk tashar da ta samu. Ga shi agogonmu da na Ingila ɗaya ne a wannan lokaci, ba sai an raba dare ba.

Wasiƙar farko ta wani tela ce daga unguwar Mabera. Ya ce: "Don Allah wa ya hi kowa ɗaukar kofin wagga gasa, kuma su wa suka ci na 2025?"

To Malam, in kowa da kowa kake nufi, mace ce. Martina Navratilova ta ɗauke shi sau 9, shida daga ciki a jere, daga 1982 zuwa 1987. A ɓangaren maza Roger Federer na Suwizalan ke kan gaba da 8, na farko a 2003, na ƙarshe a 2017. Pete Sampras da Novak Djokovic na biye da 7 kowannensu. Saura ƙiris Federer ya kamo Navratilova a 2019: sau biyu yana neman maki ɗaya tak ya gama da Djokovic, kuma shi ke buga ƙwallon farko, amma abin ya kuɓuce. Aka kusa cinye awa biyar, Djokovic ya tafi da kofi. Masoya Federer har gobe ba sa son a ɗauko musu wannan zance.

A 2025 kuwa, Jannik Sinner ya doke Carlos Alcaraz na Sifaniya, wanda ya ci na 2023 da 2024. Wasan maza turmi biyar ne, kamar dai yadda ake ƙirga turmi a dambe, wanda ya riga cin uku shi ne zakara. Alcaraz ya ci turmin farko, Sinner ya kwashe uku a jere, kowanne 6-4, wato a kowane turmi ya ci ƙananan wasanni shida, Alcaraz huɗu, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ɗauki kofin. Na mata kam ba a ce an yi wasa ba: Iga Swiatek ta Polan ta lallasa Amanda Anisimova ta Amurka 6-0, 6-0 cikin minti 57.

Sai wata ɗaliba daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana tambaya me ya sa Rafael Nadal ya ci gasar Faransa sau 14, amma Wimbledon sau biyu kacal. Malama, kin yi tambayar da ta fi burge ni, domin amsarta ce ke fayyace sauran sakamakon duka. A Faris kan jar ƙasa ake wasa. Ƙwallo na sauka ta rage gudu ta yi sama, mai juriya da gudu kamar Nadal ya samu sukunin cim mata. A kan ciyawa, wadda ake aske wa zuwa milimita 8, ƙwallon sulɓewa take yi ƙasa-ƙasa, kafin ka ɗaga hannu ta wuce. Dole ka durƙusa, ka taƙaita taku, ga santsi. Mai ƙarfin bugun farko shi ke da riba. Shi ya sa Sampras ya tara kofi 7 a Landan amma bai taɓa cin na Faransa ba. Ƙari a kan haka, kakar ciyawa 'yan makonni ce a shekara, ba a samun lokacin sabawa. Ki lura da talabijin a mako na biyu: bakin layin baya ya zama fari-fari, ciyawar ta mutu saboda tattaki, wasan ma ya ɗan sauya hali. Don haka ni a ganina Bjorn Borg na Suwidin ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi, domin a 1978, 1979 da 1980 ya ci Faransa, ya tsallako ya ci Wimbledon. Nadal ma ba kanwar lasa ba ne, shi ya raba Federer da kofin a 2008, ana 9-7 a turmi na biyar, duhu ya fara shiga.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga Tambuwal, ya ce shin ɗan Afirka ya taɓa ci, kuma Najeriya ta taɓa leƙawa? Allah ya ƙara girma Baba. A takarda, eh: Jaroslav Drobny ya ci a 1954 da sunan Masar, sai dai haifaffen birnin Prague ne, takardar zama ɗan ƙasa Masar ta ba shi. A 'yan shekarun nan Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe a 2018, Djokovic ya tare shi. Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce Ons Jabeur ta Tunisiya: wasan ƙarshe biyu a jere, 2022 da 2023, duka ta faɗi, na farko a hannun Elena Rybakina, na biyu a hannun Marketa Vondrousova. Ta sha kuka a na biyun.

Najeriya kuma ta leƙa, Baba. A 1983 Nduka Odizor ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina, ɗaya daga cikin manyan gasar, tun a zagayen farko, ya yi ta tafiya har zagaye na huɗu. In kuwa baƙar fata kake nufi, Althea Gibson ta ci a 1957 da 1958, Arthur Ashe ya doke Jimmy Connors a 1975, sannan Venus Williams ta ɗauka sau 5, ƙanwarta Serena sau 7. Ashe ɗin nan yana Legas yana gasa a Fabrairun 1976 aka kashe Janar Murtala, kuma 'yan kwanaki bayan nan sojoji suka shigo fili da bindigogi suka kori Ashe da abokin karawarsa ana tsakar wasa.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ne a Illela, mai son sanin wasa mafi tsawo da kuma kuɗin da ake samu. Alhaji, John Isner da Nicolas Mahut ne a 2010: awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70-68, Isner ya yi nasara. Ba za a sake ganin irinsa ba, domin daga 2022 in an kai 6-6 a turmin ƙarshe, raba gardama ake yi zuwa maki 10. Batun kuɗi kuwa, zakaran maza da zakarar mata fam miliyan 3 kowanne ya karɓa a 2025, kuma tun 2007 ake biyansu daidai wa daida. Lissafinsa a naira na bar maka, ka fi ni sanin canji.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.