Funfunar fim da funfunar rumbu: fulawa na iya haukata mutum?

[Hoto: gidan kallo da dare, benci a cike, janareta na ruri a waje]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi fuskokin nan da kyau. Wancan saurayin ya rufe ido da tafin hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu, na kusa da shi kuma ya ɗage ƙafafu kan benci kamar abin zai fito ta ƙarƙashi. Abin da suke kallo shi ne The Last of Us, shiri mai dogon zango na tashar HBO ta Amurka. Ya fara fita ranar 15 ga Janairu 2023 da kashi tara, zango na biyu ya biyo baya a Afrilun 2025, asalin labarin kuma daga wani wasan kwamfuta ne na 2013. Nan ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ta hannun masu tura fim a waya ya iso, daga memori zuwa memori, mai ɗan Turanci a benci yana fassara wa sauran.

Masu kallo sun kasu. Akwai masu cewa ƙaryar Turawa ce, a wuce wurin. Akwai yara da suka ɗauki kukan dodannin, wannan ƙyas-ƙyas ɗin, suna yi wa ƙannensu a lungu bayan isha'i. Don Allah yara a daina, akwai tsofaffi masu hawan jini. Sai kashi na uku, waɗanda suka tashi daga kallo da tambaya a ransu, har ta koma saƙon murya a WhatsApp: wai akwai funfuna a fulawa mai mayar da mutum mahaukaci mai cizo, wai a guji burodi da gurasa. Su ne dalilin wannan bidiyo, kuma tambayarsu ba ta wauta ba ce, domin rabin abin da fim ɗin ya nuna gaskiya ne.

Labarin a taƙaice: a cikin shirin, cutar ta ɓalle a watan Satumba na 2003. Kashi na biyu ya buɗe a Jakarta, babban birnin Indunusiya, inda wata ma'aikaciyar kamfanin fulawa ta fara cizon abokan aikinta. Masu kallo masu lura sun gano cewa a kashi na farko jarumin da 'yarsa sun yi ta kuskure duk abincin da aka yi da fulawa a ranar. Shi ke nan. Sauran gudu ne da harbi da kuka, kun gani da idonku.

[Hoto: tururuwa maƙale a bayan ganye, tsiro ya fito ta ƙeyarta]

To ga inda za mu zauna. Wannan hoton ba aikin kwamfuta ba ne. Funfunar da ake kira kodisef, wadda shirin ya ce ita ke kawo cutar, tana nan a duniya, a dazuzzuka masu laima kamar na Tailan da Barazil. Ƙwayar irinta, mai kama da ƙura, tana faɗawa kan wata tururuwa mai zama a bishiya, ta huda fatarta, ta yi ta yaɗuwa a ciki. Bayan kwanaki sai tururuwar ta bar 'yan uwanta tana tangaɗi, ta faɗo ƙasa, ta hau wani ɗan tsiro, ta tsaya wajen santimita 25 daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Nan za ta ciji jijiyar ganye ta baya, muƙamuƙinta ya kulle, ta mutu a haka. Ku lura da wurin da ta tsaya: inuwa ce, laimar iska ta haura kashi 90 cikin 100, zafi tsakanin digiri 20 da 30. Daidai abin da funfunar take so. Daga nan tsiro ya fito ta ƙeya, ya zubo sabon iri kan tururuwan da ke wucewa a ƙasa. Ikon Allah.

Yanzu a saurara, domin nan ne kusan kowa yake zamewa. Mutum ya ga wannan hoto sai ya ce, to tunda ta iya da tururuwa, saura mataki ɗaya ta iya da mu. Fim ɗin ma haka ya nuna, taki ɗaya. A zahiri kuwa katangu uku ne a tsakani.

Ta farko, wannan funfuna ba ta san kowa ba sai tururuwarta. A 2011 masu bincike a Barazil suka bayyana nau'i huɗu, kowane da irin tururuwar da yake kamawa. Kamar makulli ne da ƙwado: na ɗakinka ba ya buɗe na maƙwabcinka, balle ƙofar banki. An ma samu burbushin wani ganye a Jamus da masana suka ƙiyasta shekarunsa miliyan 48, da tabon irin wannan cizo a jikinsa. Duk tsawon wannan zamani tana kan ƙwari, ba ta tsallaka ko kan ƙadangare ba. Kuma a 2017 wani bincike a jami'ar jihar Fensilbeniya ya nuna abin da ya ba masanan kansu mamaki: ba ta shiga ƙwaƙwalwar tururuwar. Tsokoki take nannaɗewa, tana zuba musu sinadarai. Tururuwa halitta ce da ko tsinken ashana ya fi ta nauyi. A ce abin da ya ƙware a kan tsokar muƙamuƙinta zai tuƙa ƙato mai kilo 70, ya sa shi gudu da haura katanga, wannan aikin marubuci ne.

Ta biyu, zafin jiki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Tururuwa ba ta da zafin kanta, yadda gari yake haka jikinta yake. Mu kuwa cikinmu digiri 37 ne dare da rana, da sanyi da bazara, in zazzaɓi ya zo ya haura 39. Yawancin funfuna ba sa iya girma a nan. Shaida tana jikinmu: makero a kan yara, ƙyasfi a wuya da ƙirji. Su ma funfuna ne. Me ya sa suke tsayawa a fata? Domin waje ya fi ciki sanyi. Shirin da kansa ya san da wannan katanga, shi ya sa ya buɗe da wata hira ta talabijin wai a 1968, inda wani masani yake cewa funfuna ba ta rayuwa a jikin da ya wuce kimanin digiri 34, sannan ya jefa tambaya: idan duniya ta ƙara zafi fa? A ganina wannan minti ukun ya fi duk dodannin shirin ban tsoro, kuma shi ya fi kyau a rubutu.

Na san abin da manomin Ringim ko Ɗambatta zai ce: Malam, mu nan a Afrilu zafi yana wuce 40, ai funfunarmu ta riga ta saba. Magana ce mai ma'ana, kuma masana ba su raina ta ba. Akwai wata funfuna, Kandida auris, da aka fara ganowa a Japan a 2009, tana jure zafin jiki, tana jure magunguna da yawa, wasu masana kuma suna zargin ɗumamar yanayi ya taimaka mata. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 da ta ce a sa musu ido. To amma me suke yi? Ciwo suke sawa a jini ko huhu, galibi ga wanda jikinsa ya riga ya raunana, majinyacin da ya daɗe a asibiti, ko mai cutar da ta karya garkuwar jiki. Wannan ita ce katanga ta uku, garkuwar jiki, wadda kullum take share ƙwayoyin funfunar da muke shaƙa ba mu ma sani ba. Babu ko ɗaya a cikin 19 ɗin da ke sa mutum cizo, kuma kodisef ba ta cikin jerin. A Sin da Tibet ma wani nau'inta saye ake yi da tsada ana ci a matsayin magani.

Batun burodi kuwa gajere ne. Tanderun gidan burodi yana kaiwa wajen digiri 200. Babu funfuna mai rai da za ta fito daga can. Ku ci gurasarku ta Kano da ƙuli da mai, lafiya lau.

[Hoto: hannu yana buɗe buhun gyaɗa, wasu ƙwayoyi da kore-kore a jiki]

Sai dai kafin ku sauke ajiyar zuciya, ku dubi wannan buhun. Iyayenmu mata, ku matso kusa, wannan naku ne. Tsoron da fim ya sa muku bai faɗi ƙasa banza ba, wurin da aka ajiye shi ne ba daidai ba. Wannan kore-koren da ke kan gyaɗa da masara wata funfuna ce daban, Asfajilas. Ita ba ta buƙatar ta rayu a jikinka. Dafi take zubawa a cikin ƙwayar, ana ce masa afulatoksin, ba shi da wari, ba ya ganuwa. Kun tuna na ce ku riƙe maganar zafi? Wuta tana kashe funfunar, amma dafin yana nan. Ruwan tuwo yana tafasa a digiri 100, dafin yana jure fiye da ninki biyu na haka. Suyar gyaɗa tana rage wani abu, ba ta gamawa da shi. Don haka "ai za a dafa" ba hujja ba ce.

An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da garin gyaɗa. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da ta yi funfuna, 125 suka rasu, da shawara da kumburin ciki. Wannan idan an ci da yawa a lokaci guda ke nan. Wanda ya fi yawa a wajenmu shi ne na kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, a kunu da tuwo da ƙuli-ƙuli: yana cin hanta, yana kai wa ga ciwon daji na hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa sosai ga mai ciwon hanta nau'in B. Ana kuma danganta shi da tsumburewar yara.

Ta ina take shiga? Tun daga gona, musamman idan ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa ta sha fari a ƙarshen damina, ɓawo ya tsage, ko tsutsa ta huda zangarniyar masara. Sai a wajen shanya. Kada a baza a kan ƙasa tsura ko bakin kwalta, a shimfiɗa tamfol ko tabarma, a tattara da yamma saboda raɓa da ruwan bazata na Oktoba. Masara sai laimarta ta sauka zuwa kashi 13, gyaɗa ɓararriya wajen kashi 7 zuwa 8. Ba ku da na'urar awo? Ku sami kwalba busasshiya, ku zuba hatsi zuwa kashi ɗaya cikin uku, ku ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau, ku rufe, ku girgiza minti ɗaya, ku ajiye minti 15. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar rana.

[Hoto: mata zaune da faifai suna tsintar gyaɗa]

Tsinta ita ce babban makami, kuma kyauta ce. Mafi yawan dafin yana taruwa ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan: motsattsu, fasassu, masu ramin ƙwaro, masu canjin launi. Kuskuren da ake yi shi ne a kai mai kyau Dawanau ko Gujungu, a bar wannan tsintuwar a gida a ce ta ƙuli ce ko ta kunun yara. Wallahi wannan yana ci mini rai, domin an sayar da lafiyayya an ciyar da iyali mai dafi. Kuma kada a zuba wa kaji ko saniyar tatsa, yana bi ta nono ya dawo cikin ƙwarya. A haƙa rami a binne.

A ɗakin ajiya, buhu ya hau kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana iska da ƙwari, amma sai hatsi ya bushe tukuna. In ka ƙulle ɗanye a ciki, ka yi wa kanka ɓarna. Ga mai shirin damina mai zuwa kuma akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: dawa ce da aka rina shuɗi, an shafe ta da irin wannan funfunar amma marar dafi, don ta riga mai dafin kama gona. Kilo 10 ake watsawa a hekta ɗaya, da hannu kamar taki, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunu ko gyaɗa ta yi fure sosai, lokacin da ƙasa ke da danshi. A ajiye buhunsa nesa da yara da kaji, ba na ci ba ne, kuma a tambayi malamin gona na yankinku inda ake samun na gaske.