Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Filin Rickwood

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan filin wasan besbol na Rickwood, kuma da yake lokacinmu kaɗan ne, kai tsaye za mu shiga.

Wani mai sauraro daga Gusau ya tambaya ko filin yana Birmingham ta Ingila. A'a malam, wannan Birmingham ɗin tana jihar Alabama ne a kudancin Amurka.

Wata malama daga Maraɗi, wadda gaisuwarta ta cinye shafi guda kafin ta kai ga tambaya, tana son sanin ko Michael Jordan, tauraron ƙwallon kwando, ya yi wasa a can. Ya buga wa ƙungiyar Birmingham Barons a 1994, amma a lokacin ƙungiyar ta riga ta tare a sabon filinta da ke Hoover, wani gari kusa da Birmingham. Malama, gaba a taƙaita gaisuwa.

Tambayar da ta fi yawa, daga Kano da Damagaram har Kumasi, ita ce me ya sa ake ta zancen filin da bai wuce ya ɗauki mutum dubu goma da 'yan kai ba, alhali na ƙaramin rukuni ne, wato rukunin da manyan ƙungiyoyi ke rainon 'yan wasansu. An buɗe shi ranar 18 ga Agusta 1910, kuma wanda ya gina shi attajiri ne mai masana'antar ƙarfe, Rick Woodward, wanda daga sunansa aka samo sunan filin. Da siminti da ƙarfe aka gina shi a zamanin da akasarin irin waɗannan filaye na katako ne, kuma yau babu filin ƙwararrun 'yan besbol da ya girme shi a Amurka.

Amma a ganina ba tsufa ne ya ba shi daraja ba. A zamanin wariyar launin fata ƙungiyoyi biyu ne ke amfani da shi: Barons ta Turawa, da Black Barons ta baƙar fata, wadda ke karɓar hayar filin idan masu gida sun tafi wasa waje. Ranar wasan Turawa, can gefe ake ware wa baƙaƙe wurin zama. Bari in maimaita don wanda bai ji ba: fili ɗaya ne, gari ɗaya ne, amma doka ta hana 'yan wasan ƙungiyoyin biyu haɗuwa. A cikin wannan hali shahararren ɗan wasa baƙar fata Satchel Paige ya yi wasa a nan, haka ma wani tauraron, Willie Mays, wanda ya shiga Black Barons a 1948 yana ɗan shekara 17.

Na tambayi abokin aikinmu na sashen wasanni yadda filin ya tsira daga rusau bayan Barons sun bar shi a ƙarshen kakar 1987. Sai ya ɗauko mini labarin Bull Connor, kwamishinan tsaron birnin Birmingham da ya sakar wa masu zanga-zangar neman 'yanci karnuka a 1963, wanda tun da fari mai sharhin wasannin Barons ne a rediyo, daga nan kuma abokin namu ya zarce kan allon sakamako da har yanzu da hannu ake sauya lambobinsa. Madalla, amma ba abin da na tambaya ba ke nan. Amsar ita ce masu kishin filin sun kafa ƙungiyar Friends of Rickwood a 1992 suka shiga gyara, kuma daga 1996 Barons suka riƙa dawowa wasa ɗaya a shekara sanye da rigunan da.

Ranar 20 ga Yuni 2024 babban rukunin besbol na Amurka ya kawo wasansa filin don karrama 'yan wasan baƙar fata na wancan zamani, inda St. Louis Cardinals ta doke San Francisco Giants da 6 da 5. Willie Mays bai ga wasan ba, domin ya rasu kwana biyu kafin nan yana da shekara 93.

Mai sauraronmu na Garwa da ya nemi bayanin dokokin besbol gaba ɗaya, a yi mana haƙuri sai mako mai zuwa, domin injiniya ya ɗaga mini hannu. A huta lafiya.