Kunkurun da ke barci a Laniakea

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi mini haƙuri da ƙarar iska, ina bakin tekun Laniakea ne a arewacin tsibirin Oahu, Hawai. Bari in juya kyamara. Wancan abin da kuke gani kamar dutse, wanda aka zagaye da jar igiya, kunkurun teku ne, ya fito shan hantsi. Mutanen nan suna ce masa honu. Ba zan matsa ba, ana so a bar masa tazarar mita 3, amma zan jawo muku hoton. Kun ga yashi ya manne a fatar idonsa? Ga kuma hawaye na gangarowa. Ta nan yake fitar da gishirin da ya yi masa yawa a jiki.

Koren kunkuru ake kiransa, alhali ƙoƙon bayansa ruwan ƙasa ne. Kitsensa ne mai launin kore, don idan ya girma abincinsa gansakuka ne da ciyawar teku. Shi ya sa yake zama kusa da gaɓa, inda ruwa ba zurfi kuma rana na kaiwa ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarunsa. Ranar da aka ƙyanƙyashe shi bai cika tafin hannu ba. Daga nan ya faɗa tsakiyar teku, ya yi shekaru ruwa na yawo da shi, sai da ya kai girman faranti ya dawo gaɓa. Bayan nan girman nasa sai a hankali, santimita kaɗan a shekara. Mace kan kai shekara 25 zuwa 35 kafin ta fara ƙwai. Ku lissafa da kanku: wannan da ke kwance, mai kilo fiye da 100, wataƙila ya girmi da yawa daga cikin masu kallona.

Saboda haka duk abin da aka yi wa kunkuru yau, sai bayan shekara 30 ake ganin sakamakonsa. A 1973 da aka fara ƙidaya a ɗan tsibirin East Island, babban wurin ƙwansu a lokacin, mata 67 kacal aka samu. A 1978 Amurka ta sa su cikin dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa, aka hana kamu da yanka. Daga baya ɗaruruwa suka riƙa hawa yin ƙwai a shekara. Wallahi abin ya burge ni, mutanen da suka yi wannan aiki sun san ba lallai su ga ƙarshensa ba, suka yi.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Kusan kashi 96 cikin 100 na kunkurayen Hawai wuri ɗaya suke zuwa ƙwai, French Frigate Shoals, wasu ƙananan tsibirai da East Island ke cikinsu, tafiyar fiye da kilomita 800 daga nan. A watan Oktoban 2018 guguwar Walaka ta kusa share East Island baki ɗaya.

Ga kuma zafi. Zafin yashi ne ke sa ɗan kunkuru ya fito namiji ko mace, idan ya haura digiri 29 mata sun fi yawa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya duba kunkurayen da aka ƙyanƙyashe a arewacin Great Barrier Reef na Ostareliya, ya tarar fiye da kashi 99 na ƙananan mata ne. Wanda ke ƙirga sheƙa a bakin teku ba zai gano haka ba, zai ma ga adadi na ƙaruwa. Sai an shiga ruwan gaɓa an kamo ƙananan, an auna ƙoƙonsu, an sa musu alama a hannu, an gwada jininsu, sannan a san nawa ne maza. A ganina, nan ya kamata a fi zuba kuɗi da ma'aikata.

Tsaya, ya motsa. Ga shi yana jan jiki, kun ga sawun da yake bari kamar na taya? Bari in yi shiru ku ji numfashinsa kafin ya shiga ruwa.